Aska a Kan Ido: Sharhi Kan Fim Ɗin "Karen Andalus" da 'Yan Kallonsa

Gabatarwa

 Waɗanda suka halarci daren kallon da ƙungiyarmu ta shirya a zangon karatun da ya wuce ba su bukatar in tuna musu abin da ya faru. Waɗanda ba su zo ba kuwa na tabbata labari ya iske su har ɗaki, domin an yi kwana da kwanaki ana musu a kansa a wurin cin abinci da gindin itatuwa. Wani malaminmu ne ya kawo mana wani tsohon fim na ƙasar Faransa, baƙi da fari, marar magana, wanda tsawonsa kimanin minti 16 ne kacal. Kafin a yi minti biyu da kunna majigi sai ɗakin ya kaure da salati. Wata 'yar'uwa ta tashi ta fita, ba ta ko tsaya ɗaukar jakarta ba. Wasu suka tuntsire da dariya, wasu suka yi tsaki, wasu kuma suka zaro biro da takarda suka shiga farautar jigo.

Ni ina cikin masu biro da takarda, kuma na koma ɗaki da takardata kusan fara fat, in ban da kalmomi uku ko huɗu da alamun tambaya. Sai daga baya na gane cewa na kafa ido a inda bai kamata ba. Rabin fim ɗin ne kawai yake bisa farin ƙyallen da ke gabanmu, ɗaya rabin a kan kujeru yake, a jikin mu 'yan kallo. Saboda haka wannan ɗan sharhi zai dubi fim ɗin, ya dubi waɗanda suka fara kallonsa a birnin Faris, sa'an nan ya waiwayo kanmu.

Asalin Fim Ɗin

Sunansa da Faransanci Un Chien Andalou, watau Karen Andalus, ko da yake mutum zai kalle shi har ƙarshe bai ga kare ba, bai kuma ga Andalus ba. Samari biyu 'yan ƙasar Sifen suka ƙago shi a shekarar 1929: Luwis Bunyuwel, wanda ya ba da umarni, yana da shekara 29, da mai zanen nan Salbado Dali, yana da shekara 25. Sun san juna tun suna ɗalibai a birnin Madrid, inda suka zauna masauki ɗaya da mawaƙin nan Gasiya Loka. Shi Loka mutumin Andalus ne, kuma da ya ji sunan fim ɗin sai ya tsargu, ya ɗauka habaici ne abokansa suka yi masa. Mahaifiyar Bunyuwel ce ta ba da kuɗin aikin. An rubuta labarin cikin kimanin mako guda, aka ɗauke shi cikin kimanin mako biyu.

Tushen labarin mafarki ne guda biyu. Bunyuwel ya ce ya yi mafarkin wani siririn girgije ya ratsa farin wata kamar yadda aska za ta ratsa ƙwayar ido. Dali kuwa ya ce ya yi mafarkin hannu wanda tururuwa ke ta fitowa daga cikinsa. Da suka zauna rubutu sai suka kafa wa kansu doka guda: duk wani hoto ko tunani da hankali zai iya yi wa bayani, a jefar da shi.

Wannan doka ba daga sama ta faɗo ba. A lokacin akwai wata mazhaba ta marubuta da masu zane a Faris da ake kira Suriyalizim, wadda marubucin nan Andire Bireton ya fitar da manufofinta a 1924. Mutanen nan sun ga irin kisan da aka yi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, suka ce idan wannan shi ne abin da hankali da wayewar Turai suka haifar, to gara a koma a saurari mafarki da abin da ke ɓoye a ƙarƙashin zuciya. Sun kuma ɗora a kan nazarin likitan nan Sigman Furoid game da fassarar mafarki.

Abin da Ke Cikinsa

Fim ɗin ya buɗe da rubutu irin wanda Turawa ke buɗe tatsuniya da shi, kamar dai a ce mana ga ta nan ga ta nanku. Sai ga wani mutum, wanda Bunyuwel ne da kansa, yana wasa aska, da taba a bakinsa. Ya gwada kaifinta a farcensa, ya fita baranda ya ɗaga kai ya dubi wata. Sai ga fuskar wata budurwa tana zaune tana dubanmu ba ko gezau. Ya sa yatsu biyu ya buɗe mata ido. Girgije ya ratsa wata. Aska ta ratsa ido, ruwan cikinsa ya zubo.

Daga nan aka rubuta wai bayan shekara takwas, sai ga budurwar nan da idanunta biyu garau. Wani saurayi ya faɗo daga kan keke. Ya tsura wa tafin hannunsa ido, tururuwa na fitowa daga wani rami a tsakiyarsa. A kan titi wani yankakken hannu yana yashe a ƙasa, wata mata tana tsokanarsa da sanda, jama'a sun kewaye ta, kafin mota ta zo ta banke ta. Saurayin ya afka wa budurwar, ta kuɓuce ta raɓe a lungu. Da ya nufe ta sai ya duƙa ya kama igiyoyi biyu yana ja da ƙyar, ashe manyan piyano biyu yake ja, watau akwatunan kiɗan nan na gidajen masu hali a Turai, kowane da mushen jaki a kansa, ga kuma malaman coci biyu ɗaure ana jan su a ƙasa, ɗayansu Dali ne. Can gaba littattafai biyu da ke hannun saurayin suka rikiɗe suka zama bindigogi, ya harbe wani mai kama da shi sak. Har ila yau ya shafe bakinsa da hannu, bakin ya ɓace. A ƙarshe aka nuna budurwar da wani namiji an binne su cikin rairayi har ƙirji. Rubuce-rubucen da ke nuna lokaci kuwa, wani ya ce wajen ƙarfe uku na dare, wani ya ce shekara 16 kafin haka, duk shiririta ce da gangan, don a ɓatar da mai bin sawun labari.

'Yan Kallon Faris

An fara nuna shi ranar 6 ga Yuni, 1929, a wani ƙaramin gidan silima mai suna Studio des Ursulines. Cikin mahalarta akwai mai zanen nan Fikaso, da marubucin nan Kokto, da Bireton da jama'arsa. Da yake fim ɗin ba ya da sauti, Bunyuwel ya tsaya bayan allo yana sa faifan garmaho, wani lokaci kiɗan tango na Ajantina, wani lokaci kiɗan Wagna na Jamus. A littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 1982 ya ce ya cika aljihunsa da duwatsu a daren, don idan 'yan kallo suka yi masa ature ya rama. Lalle wanzami ba ya son jarfa. Amma da aka gama sai ɗakin ya ɗauki tafi, ya rasa wanda zai jefa.

Daga nan wani gidan silima, Studio 28, ya karɓi fim ɗin, aka yi wata takwas ana nuna shi. Bunyuwel ya ce mutum 40 zuwa 50 sun kai ƙara wurin 'yan sanda suna neman a hana, amma ba a hana ba. Mazhabar Bireton ta karɓe shi shi da Dali a matsayin 'ya'yanta. Duk wani mai fim zai yi murna da haka, amma shi abin haushi ya ba shi. A watan Disamba na 1929, da aka buga labarin fim ɗin a mujallar mazhabar, ya rubuta 'yar gabatarwa inda ya kira masu yabon nasa wawaye, domin sun ga kyau da daɗin waƙa a cikin abin da shi ya nufa ya zama kira zuwa ga kisa. Watau ya kai mari, aka kama hannun aka sumbata.

Don mu fahimci wannan tafi sosai, sai mu dubi abin da ya biyo baya. A 1930 Bunyuwel ya fitar da fim na biyu, L'Âge d'or, watau Zamanin Zinariya, wanda ya fi na farko tsawo, kuma a cikinsa ya fito fili ya yi wa coci da manyan gari ba'a. Ranar 3 ga Disamba, 1930, wasu 'yan ƙungiyoyin ra'ayin riƙau, masu zafin kishin ƙasa da ƙin Yahudawa, suka auka wa Studio 28 ɗin nan dai, suka watsa wa allon tawada, suka kekketa zane-zanen da aka rataye a zaure. Cikin 'yan kwanaki shugaban 'yan sandan Faris ya haramta fim ɗin, aka yi wajen shekara 50 ba a sake nuna shi ga jama'a a Faransa ba. Abin lura a nan shi ne, birni ɗaya ne, gidan silima ɗaya, mai fim ɗaya. Da aka tsaga idon mace an yi tafi. Da aka taɓa abin da mutane suka riƙe da daraja an yi tarzoma. Ashe ɗan kallo yakan iya haɗiye jini muddin bai ga inda abin ya shafe shi ba.

'Yan Kallonmu

Yanzu sai mu dawo ɗakinmu. Da aka kunna fitila na lura mun kasu kashi huɗu.

Kashi na farko masu dariya, kuma ba zan zarge su ba, domin wurin jan jakunan nan da ban dariya, masu fim ɗin ma sun san da haka. Amma na lura dariyar da ta fi ƙarfi ita ce wadda ta biyo bayan askar nan da 'yan daƙiƙoƙi, bayan an gama salati. Irin dariyar nan ce da mutum ke yi idan ya yi tuntuɓe a gaban jama'a, don ya nuna bai ji zafi ba.

Kashi na biyu masu fushi. Wani ɗan'uwa ya miƙe ya ce, "Allah gafarta Malam, wannan ai hauka ne tuburan. Mutanen nan ƙoshi ne ya yi musu yawa. Don Allah wane darasi ke cikinsa?" Malam ya yi murmushi ya ce, "Bar batun darasi tukuna. Kai me ka ji a jikinka?" Ɗan'uwan nan ya ce shi bai ji kome ba. Amma ni da ke kusa da shi na ga lokacin da ya kai hannu ya dafe idonsa.

Kashi na uku mu ne mafarautan jigo. Wani ya ce tsaga idon yana nufin a bar kallon duniya da tsohon ido. Wani ya ce tururuwar nan sha'awa ce mai cin rai. Wani ya ce yankakken hannun hukuncin laifi ne. Kowane bayani yana da ƙamshin gaskiya, kuma da zarar an faɗe shi sai ka ga fuskoki sun saki, kamar an ɗaure wani kare da ke yawo a ɗakin. A nan ne na fara zargin kaina. Mu ma garkuwa muke nema, sai dai tamu ta fi ta masu dariya kama da ilimi.

Kashi na huɗu mutum ɗaya ce, 'yar'uwar nan da ta fita. Washegari na gamu da ita a bakin ɗakin karatu na ce, "Malama, me ya kore ki jiya tun ba a je ko'ina ba?" Ta ce, "Wallahi ni ban ma ga tsagawar ba. Tun da ya sa yatsa ya buɗe mata ido na rufe nawa. Amma har na kwanta ina jin abin a cikin idona." Wannan magana tata ita ce mafi ingancin sharhin da na ji a kan fim ɗin, kuma ita ta ba ni mabuɗinsa.

Wa Ya Tsaga Idon?

Ba a taɓa idon 'yar wasan nan, Simone Mareuil, ba. Idon mataccen ɗan maraƙi ne aka tsaga, aka haska shi da fitila mai ƙarfi don gashin gefensa ya yi kama da fatar mutum. Abin da aka ba mu hotuna ne daban-daban da aka jera: fuskar mace, da wata, da idon dabba. Ƙwaƙwalwar mai kallo ce ta ɗinke su ta mai da su abu guda. Ke nan aska tana hannun Bunyuwel, amma mu muka ɗora ta a kan idon budurwar. Shi ya sa wadda ta rufe ido ma ba ta tsira ba, domin ta riga ta ƙarasa aikin a zuciyarta.

Gwanintar da ta fi burge ni kuwa tana wurin girgijen nan. Mu Hausawa mun san sakaya zance. Mai hikima idan zai faɗi abu mai nauyi yakan lulluɓe shi, mai sauraro ya gane, kowa ya tashi da mutuncinsa. Da girgije ya ratsa wata sai kowa a ɗakin ya sauke ajiyar zuciya, muka ce a ranmu, madalla, ya sakaya, mun gane, an wuce wurin. Daidai lokacin da muka saki jiki sai ya nuna abin ƙuru-ƙuru. Alkawarin da ke tsakanin mai fasaha da mai kallo ya karya, kuma ya karya shi a minti na farko, don haka sauran mintocin duk a ɗarare muka kalle su. Tururuwa da jakuna ba su kai askar ban tsoro ba, amma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu.

Daɗin daɗawa, gaɓar da aka zaɓa ita ce wadda kake kallon da ita. Yawancinmu mun saba ganin finafinan da ake fille kawuna a cikinsu, da launi da sauti, muna cin gyaɗa. Amma ga fim baƙi da fari na 1929 ya sa ƙarti sun dafe fuska. Idan an sare hannu a allo, kana iya kallo daga nesa. Idan an nufi ido, babu nesa, domin da shi kake tsaye a wurin.

Inda Nake da Ja

Duk da haka ba zan bi sahun masu tafin Faris ba. Ina da ja a wuri uku.

Na farko, da'awar cewa babu ma'ana a fim ɗin ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Saurayi yana son isa ga mace, amma an ɗaura masa malaman coci da kayan kiɗan masu kuɗi da mushe. Wanda ya san cewa Bunyuwel ya tashi a makarantar 'yan coci a Sifen ba ya bukatar mai fassara kafin ya gane abin da ake cewa: addini da tarbiyyar gidan manya kaya ne matattu da ke danne sha'awa. Mutum na iya ƙin wannan ra'ayi, ni ma ban karɓe shi ba, amma ra'ayi ne sarai. Sun kori hankali ta ƙofa, ya dawo ta taga.

Na biyu, ya kamata a tambaya, jikin wa aka yi wannan gwaji a kansa? Idon mace aka tsaga, mace mota ta banke ana kallo ta taga, mace aka bi da kokawa har lungu. Samarin nan biyu sun ce suna yaƙi da zaluncin al'adar Turai, amma a nan sun bi tsohuwar hanyarta ba tare da sun waiwaya ba. Saboda haka fitar 'yar'uwarmu hukunci ne, kuma tana da cikakken haƙƙin yanke shi.

Na uku, firgici ba ya jure maimaici. Hausawa sun ce, ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Na sake kallon fim ɗin sau biyu a kwamfuta, kuma a karo na uku har tsayar da hoton na yi ina neman gashin ɗan maraƙin. A 1960 an haɗa masa sauti bisa zaɓin Bunyuwel. A 1976 mawaƙin Ingila Debid Bowi ya riƙa nuna shi ga dubban matasa kafin ya hau dandamali. Yau yana cikin manhajar makarantun koyon fim. Abin da aka ƙera don ya zama makami ya zama kayan gado. Abin da ya rage bayan firgicin ya gushe shi ne iya jera hotuna, da barkwanci, da yadda ya kama tafiyar mafarki, inda kake buɗe ƙofar ɗaki sai ka gan ka a bakin teku kuma ba ka yi mamaki ba. Wannan ya isa a kira shi aikin gwani, amma bai kai kiran kisan da mai shi ya yi kurari ba.

Kammalawa

Abin da ya fi damuna bayan daren nan ya shafi namu karatun. An koya mana mu tunkari kowane aikin adabi da jigo, da warwarar jigo, da zubi da tsari, da salo. Kayan aiki ne masu kyau, kuma ba na neman a yar da su. Amma babu gurbi a cikinsu da za a rubuta cewa tsikar jikin mai sauraro ta tashi. Alhali kuwa mun fi kowa sanin irin wannan fasaha. Duk wanda ya taɓa tsayawa a da'irar 'yan tauri, ya ga ƙato yana goga wuƙa a cikinsa ana kiɗa, mata na kau da kai, yara na leƙe ta tsakanin yatsu, ya san akwai wasan da jigonsa a jikin 'yan kallo yake. Haka gardi da macijinsa, haka tatsuniyar Dodo da ake yi wa yara cikin duhu. Idan manazarci ya rubuta kirarin ɗan tauri a takarda, ya fitar da jigo da salo, ya bar kau da kan matan nan, to ya auna ƙube ne ya bar wuƙar.

Shawarata ga ƙungiya ita ce, duk lokacin da muka fita nazarin wasa ko waƙa, mu riƙa sa mutum ɗaya ya juya wa dandali baya ya dubi jama'a, ya rubuta inda suka yi shiru, da inda suka yi dariya, da wanda ya tashi ya fita da dalilinsa. Ga Malam kuma, muna godiya da wannan fim, amma in za a sake kawo irinsa a riƙa yi wa mutane gargaɗi tun a bakin ƙofa, don wanda zai shiga ya shiga da saninsa. Na san wasu za su ce gargaɗin zai dakushe askar. To, 'yar'uwar da ta rufe ido ta riga ta nuna mana cewa sanin abin da ke tafe ba ya hana shi yanka.

Ɗan'uwan da ya ce hauka ne, da sauran masu ja da abin da na faɗa, filin mujallar nan a buɗe yake gare su a fitowa ta gaba.